Na maƙale a taswira ta 14, taswirar ce ta lalace ko ni ne?

Sagir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu buga Doom II, wasan kwamfutar nan na harbin dodanni, ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Na sauko da wani tarin taswirori 32, wato filayen wasan da ake bi ɗaya bayan ɗaya, da 'yan wasa suka haɗa da kansu, ina ta ci lafiya lau har na iso ta 14. Wata tsohuwar masana'anta ce mai koren ruwan guba a tsakar fili. Na ɗauki jan makulli, na buɗe jar ƙofa, sai na tarar da bango. Bango fa zalla, ba ƙofa ba makunni. Na shafa kowane lungu, na danna kowace kusurwa, shiru. Dodannin da ke inda nake iya zuwa duk na gama da su, amma ina jin gurnanin wasu a bayan bangon. Awa biyu ke nan ina zagaye wuri ɗaya.

Auwal: Wa alaikumus salam. Tambaya uku kafin komai: da wane inji, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, kake bugawa, me da me ka loda tare da taswirorin, kuma ka karanta takardar bayanin da ta zo a cikin foldar?

Sagir: GZDoom ne. Na ɗora wani mod na makamai a kai, wato ƙarin da ke sauya yadda wasan yake, irin mai sauya bindigogi da ƙara jini. Takarda kuwa, gaskiya ban ma lura da ita ba.

Auwal: To ni mod ɗin nake zargi. Akwai taswirorin da bangonsu ba ya sauka sai wani nau'in dodo ya mutu kaf. Ka tuna taswira ta 7 ta Doom II, Dead Simple? Sai Mancubus na ƙarshe ya faɗi bangaye ke sauka, sai kuma Arachnotron na ƙarshe ya mutu hanyar fita ke ɗagowa. In mod ya musanya waɗannan dodannin da nasa ba tare da ya kula da wannan ƙa'idar ba, injin zai yi ta jiran mutuwar abin da babu shi. Cire mod ɗin ka gwada.

Zainab: Zai iya yiwuwa Auwal, amma wannan dabarar a taswira ta 7 aka saba ɗaura ta, ba kasafai ake kai ta ta 14 ba. Sagir, ƙanena, amsa min wannan: jan makullin nan a ina ka same shi, kuma ta wace hanya ka kai wurin?

Sagir: Yana kan wani dakali a ɗakin sama, Anti. Akwai taga da ke kallon filin gubar, daga kan wasu akwatuna na yi tsalle na shiga ta tagar na ɗauka. Har daɗi na ji, na ɗauka na gano hanyar sirri.

Zainab: Shi ke nan, an kama ɓarawo. Taswirar lafiyarta ƙalau.

Bari in yi maka bayani tunda ni ma ina gina taswira. A Doom na asali, wanda ya fito 10 ga Disamba 1993, da Doom II na 1994, babu tsalle, babu durƙuso, babu ɗaga kai sama. Ɗan wasa yana iya taka tudun da bai wuce awo 24 ba a ma'aunin wasan. In na sa dakali mai awo 32, a wurina na gina katanga ke nan, na san ba mai hawa. To wanda ya gina taswirarka ya buɗe wannan tagar ne don ka hango makullin daga nesa ka yi kwaɗayinsa, ka san inda za ka nufa. Hanyar da ya shirya maka tana wani wajen, ina kyautata zaton matakala ce ko lif, kuma a kan hanyar akwai layin da ido ba ya gani, wanda da ka tsallaka shi bangon nan zai sauka. Kai ka shigo ta taga, layin yana can yana jiranka.

Sagir: Wato na yi tsalle na haye saman layin ke nan?

Zainab: A'a, irin wannan layin ba a haye shi ta sama. Injin a shimfiɗe yake kallon taswira kamar zane a kan takarda, ko kana iska ka gifta ta kansa zai yi aiki. Kai ba ka bi ta wurinsa ba ne sam. Koma ɗakin makullin ka nemi ƙofarsa ta gaskiya, ka fita ta nan ka sauka har ƙasa, sannan ka hawo. In ƙofar daga waje kaɗai take buɗuwa, rubuta idclip, kalmar sirrin da ke ba ka damar wucewa ta cikin bango, ka ratsa, ka sake rubutawa ka kashe shi. Kuma ka adana wasanka kafin ka taka, don abin da ke gurnani a bayan bangon nan ba gaisuwa zai fito yi ba.

Kawu Sale: Allah ya yi miki albarka Zainabu. Ni abin da ke ɗaure min kai da yaran yanzu ke nan. Mutum ya zauna wata da watanni yana auna kowane lungu, ya rubuta maka a takarda cewa kada ka yi tsalle, ga injin da na gwada da shi, kai kuma ka zo ka lafta masa bindigogin da bai san da su ba, ka shiga ta taga, sannan ka ce aikinsa ya lalace. Mu da muka fara a kan DOS, tsohon tsarin kwamfuta, da kibod kaɗai ba mu san wannan ba.

Bello: Kawu, da girmanka, a nan kam ba na bayanka. Wasan nan tun ranar farko don a taɓa shi aka yi shi. John Carmack, wanda ya rubuta injin Doom a kamfanin id Software, da gangan ya raba injin daban, kayan wasan daban a cikin fayil ɗin WAD, don mutane su iya sauya hotuna da sauti da taswira ba tare da sun farfasa injin ba. A Disamba 1997 kuma suka saki asalin rubutun injin ga kowa. To wanda ya buɗe maka ƙofar gidansa da hannunsa, don me wani zai tsaya a bakin ƙofa yana cewa sai ka shiga da ƙafar da ya ga dama? Ni da mod ɗin Brutal Doom na shigo wannan harka. Ba don shi ba da ban taɓa sanin akwai wani abu wai shi Plutonia ba. Kwamfutata ce, lokacina ne.

Kawu Sale: Ba wanda ya hana ka, ɗana. Amma kada ka buga haka ka zo kana ba da labari wai ka cinye taswirar wane. Wani abu dabam ka buga a cikin gininsa.

Bello: To Kawu kai da me kake bugawa yanzu? DOS ɗin?

Kawu Sale: Chocolate Doom.

Bello: Shi ma ai ba id Software ne suka yi shi ba, ɗan wasa ne ya rubuta shi a 2005. Kuma kana son Final Doom, wanda ya ƙunshi TNT Evilution da Plutonia, na sha jin ka kana yabon sa. TNT Evilution 'yan wasa ne suka haɗa shi, kyauta ma suka yi niyyar sakinsa kafin kamfanin ya saya. Plutonia kuwa wa da ƙane ne, Dario da Milo Casali, suka gina taswirori 32 su biyu. Tun 1994 mutane ke amfani da manhajar DeHackEd suna sauya ƙarfin dodo da saurin bindiga. A wannan shekarar Justin Fisher ya mayar da wasan gaba ɗaya wani abu dabam da Aliens TC. Yaushe ne dai wasan ya taɓa zama a yadda aka haife shi?

Kawu Sale: Ka iya kawo hujja, ba laifi. Sai dai Chocolate Doom duk aikinsa shi ne ya kwaikwayi na asali har da kurakuransa, hoto 320 da 200, motsi 35 a daƙiƙa. Bai ƙara min ko allura ba. Waɗanda ka lissafa kuma, kowannensu da ya sauya ƙa'ida sai ya gina taswirar da ta dace da sabuwar ƙa'idar. Kai kuwa ƙa'idar wani kake ɗaukowa ka kifa a kan ginin wani, su biyun ba su taɓa haɗuwa ba.

Zainab: Wannan maganar ta ƙarshe ta Kawu ita ce zancen. Bello, ban ƙi naka ba, amma bari in nuna maka abin da ke faruwa a ɓangarenmu, don mutane suna ɗauka gina taswira zanen ɗakuna ne kawai da zuba dodanni.

Lissafi ne tsagwaronsa. Bindiga mai baki biyu tana cin harsashi biyu ta watsa ƙwaya 20, kowace ƙwaya tana cire 5 ko 10 ko 15, wato kusan 200 in duk sun shiga. Revenant, kwarangwal ɗin nan mai roka a kafaɗa, ransa 300 ne, harbi biyu ke nan. Hell Knight 500, harbi uku. Arch-vile, dodon nan mai ƙona mutum da tayar da matattun dodanni, 700, harbi huɗu in hannunka bai karkace ba. Baron 1000. In na sa kwarangwal uku da Hell Knight biyu a zaure, na san harsashi 24 ne mafi ƙaranci, sai in ajiye akwati ɗaya mai 20 da 'yan tsintuwa guda huɗu-huɗu a gefe, in bar ka da ɗan ragi kaɗan yadda za ka fita kana haki amma da rai. In kuma ina so in matse ka, sai in rage, don in tilasta maka ka haɗa su faɗa da junansu. Ka san in harbin wani dodo ya sami wani na daban sai su juya wa juna. Akwai ɗakin da na gina kacokan a kan wannan: Cyberdemon mai rai 4000 a tsakiya, ga tarin Baron, ga ka da harsashin da bai isa ko rabi ba. Amsar ɗakin ita ce ka yi ta kewaye har su cinye juna.

Yanzu ka zo da mod mai gurneti da bindigar da ke sare kai da harbi ɗaya. Ɗakin da na yi sati biyu ina gyara shi ka share shi cikin daƙiƙa goma. Ko kuma akasin haka, wanda ya fi ciwo: mod ɗin ya ƙara wa sojojin nan masu bindiga sauri da saiti, ya sa sai ka tsaya ka sake ɗura harsashi, alhali a na asali ba a ɗuri, sai ɗakin da na yi don ka ɗan huta ya zama mahallaka. Daga nan a rubuto min cewa taswirata ba adalci.

Bello: To wannan na ƙarshen laifin mai rubutowa ne Anti, ba laifin mod ba. Ni ban taɓa zagin mai taswira don na mutu da mod ba.

Zainab: Kai ɗaya ne. Zo ka ga saƙonnin da nake samu.

Ummi: Ku yi haƙuri in katse ku, ni sabuwa ce. Na sauke GZDoom da wani fayil na taswira amma da na buɗe sai ya ce bai ga IWAD ba. Mene ne kuma wannan?

Auwal: Sannu da zuwa 'yar'uwa. WAD iri biyu ne. IWAD shi ne uwar wasan, inda hotunan dodanni da sauti da bangaye suke, kamar doom2.wad. PWAD kuma shi ne ƙarin da 'yan wasa ke yi, ba ya tsayawa da ƙafarsa sai ya jingina da uwar. In kin sayi Doom II, kwafo doom2.wad ki sa a folda ɗaya da injin. In ba ki da shi, nemi Freedoom, kyauta ne kuma halal, ki ɗauki freedoom2.wad. Dodanninsa kamanninsu dabam amma halinsu ɗaya, yawancin taswirorin Doom II suna tashi a kansa. Doom na gwaji ɗin nan mai babi ɗaya kada ki wahalar da kanki, ba ya karɓar ƙari. Daga nan ki ja fayil ɗin taswirar da linzami ki sake shi a kan injin, shi ke nan. In fayil ya wuce ɗaya, ki sani na ƙarshen lodi shi ke danne na gabansa.

Ummi: Ya tashi, na gode Yaya Auwal! Amma hoton ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai, kuma bayan minti goma jiri ya fara ɗibana.

Auwal: Shiga saitin hoto ki kashe tace zanen bango, ƙwayoyin hoton za su fito tsaf yadda aka zana su. Jirin kuma ki rage rangajin da allo ke yi in kina tafiya, ki ɗan faɗaɗa kusurwar gani. Yana raguwa da sabo.

Kawu Sale: Kuma ki kashe tsalle tun yanzu, 'yata, kafin ki zama Sagir.

Sagir: Kawu ina nan fa ina karantawa.

Bello: Tunda an dawo kan tsalle, ni fa ban yarda babu shi a na asali ba. Arch-vile in ya ƙona ka ai sama yake cilla ka, masu tseren gama wasa da sauri sun daɗe suna amfani da wannan su haye katanga. A Mt. Erebus ma, taswira ta shida a babi na uku na Doom na asali, da ƙarfin fashewar roka ake tunkuɗa kai a faɗa inda mafitar sirri take. Kenan karya tsarin mai gini tsohuwar al'ada ce a wasan nan, har gasa ake yi a kai.

Zainab: Wanda Arch-vile ya cilla ya biya da jininsa, kuma ya san sarai abin da yake tsallakewa, don sai da ya haddace taswirar kafin ya karya ta. Sagir bai san ya karya komai ba, shi ya sa ya yi awa biyu yana shafa bango. Ni a nawa aikin yanzu ina rubuta hana tsalle da durƙuso a cikin MAPINFO, fayil ɗin saitin taswira, injin da kansa zai kashe su. Amma taswirorin da aka gina don Doom na asali ko don injin Boom na 1998, da yawansu ba su da wannan kariyar, masu su ba su taɓa zaton za a yi tsalle a ciki ba. Takardar bayanin nan da ba ku karantawa ita ce kaɗai bakinsu.

Malam Habu: Na daɗe ina bin zancen ban sa baki ba. Ina ganin an haɗa abu biyu wuri ɗaya: inji dabam, mod dabam. Kawu yana magana kamar GZDoom ne mai laifi, alhali akwai ayyukan da ba sa tashi sai da shi. MyHouse da ya fito a Maris 2023 misali ne. Ka shiga kamar gidan wani ne kawai aka kwaikwaya, ɗaki da falo da tsakar gida, sai abubuwa su fara sauyawa a bayanka. Ba zan faɗi fiye da haka ba don kada in ɓata wa Ummi. Dabarun da ke ciki injin 1993 ba zai iya ko ɗaya ba. Amma shi ma in ka ɗora masa mod na makamai ka kashe shi murus, don tsoron da ke ciki a shirun yake. Kenan ko a sabon inji maganar Zainab tana nan: karon farko ka buga abin yadda mai shi ya miƙo maka.

Kawu Sale: Malam Habu na karɓa. Wannan gidan na buga shi, a kan GZDoom ɗin kuwa, kuma ban yi barcin kirki ba a daren. Kada Bello ya ji.

Bello: Na ji, na kuma adana.

Amma Malam, "karon farko" ɗin nan fa? Mutum nawa ne ke da lokacin buga taswira 32 sau biyu? Ni in na dawo daga aiki awa ɗaya gare ni. In na san da mod zan fi jin daɗi, don me zan ɓata wata guda a abin da bai gamsar da ni ba don kawai in faranta wa wanda bai san ina yi ba? Kuma ba duk masu gini ke ƙin mu ba. Valiant na skillsaw, na 2015, yana da nasa dodannin da ya sauya, waɗanda ke karo da mod. Sai aka fitar da wani bugu na daban da aka cire su, musamman don masu ɗora mod. Ga mai gini da ya san muna nan ya kuma shimfiɗa mana tabarma.

Malam Habu: Hujja ce mai kyau. Sai dai ka lura, sai da aka yi aiki na musamman kafin su zauna lafiya tare. Wannan kansa shaida ne cewa ba a kifa kowane mod a kan kowace taswira.

Bello: Ban musa ba. Ni ma akwai waɗanda ba na taɓawa. Sigil na John Romero da ya fito 2019 haka na buga shi tsurarsa, don wuraren matsattsu ne ga duhu, ga idanun nan da sai ka nemo ka harba hanya ta buɗe. Amma taswirar fili mai dodo ɗari biyar? Wallahi da mod ta fi daɗi, ko Kawu zai yi fushi.

Zainab: In dai ka san me kake yi, bismillah. Ni da za a ba ni zaɓi ma, tsakanin mai mod da mai girman kan Ultra-Violence, wato matakin wahala mai tsanani, na ɗauki mai mod. Wannan ce ke ƙona min rai fiye da komai. Kowane dodo da na ajiye sai na zaɓa masa a wane matakin wahala zai bayyana. Sau uku nake auna taswira: mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani. Matsakaicin, Hurt Me Plenty, shi na fi ɓata wa lokaci don shi nake so baƙo ya fara da shi. Amma kowa sai ya tafi kai tsaye Ultra-Violence saboda da shi ya gama Doom II, ya manta cewa taswirorin yanzu mutanen da suka shekara ashirin suna bugawa ne ke gina wa junansu. Sai ya mutu sau talatin a ɗakin farko ya ce an yi mugunta. Rage matakin mana! Ba wanda ke leƙen allonka.

Auwal: Wannan da ni ake. Tarin taswirorin Sunlust ne ya koya min hankali, a taswirorin farko-farko na sauke girman kai na koma mai sauƙi.

Kawu Sale: Ni kuma nawa ra'ayin, kowace taswira a fara ta da ƙaramar bindiga da harsashi 50, kuma ba adanawa a tsakiya. Yawancin masu gini a haka suke gwada aikinsu. In ka shigo da babbar bindigar nan BFG da ka ɗauko daga taswirar baya, rabin tarkon ya tashi a banza.

Ummi: Kawu ba adanawa kuma? Ni kowace ƙofa sai na adana kafin in buɗe.

Zainab: Ki ci gaba da abinki 'yar'uwa, Kawu ya yi ritaya ne yana da lokaci. Fara da ƙaramar bindiga na yarda da shi, haka nake gwada nawa. Hana adanawa kuwa wahalar da kai ce, taswirar yanzu wata sai ta ci awa guda.

Ummi: To da wanne zan fara?

Malam Habu: Ki gama Doom II ɗin kansa tukuna, ko rabinsa, don ki san halin kowane dodo. Sannan Scythe na Erik Alm, na 2003. Taswirorin farkonsa gajeru ne, minti biyu zuwa biyar, wahalar tana hawa a hankali, sai can wajen goman ƙarshe take zama wuta. Bayan shi Ancient Aliens na 2016 ko Eviternity na 2018 in kina son kyan gani. In kin rasa na gaba, duk Disamba tun 2004 shafin Doomworld na fitar da Cacowards, zaɓin ayyukan da suka fi fice a shekara. Plutonia ki bar shi sai kin ƙosa, sojoji masu bindigar nan mai juyawa sun yi yawa a ciki.

Sagir: Na dawo da rahoto. Anti Zainab, kamar kina tsaye a bayan mai ginin. A bayan dakalin makullin akwai wata ƙofa da ban kula da ita ba, na ratsa ta da idclip, sai ga matakala mai lanƙwasa. Na sauka na hawo, ina taka ta uku daga sama sai na ji ƙugin bango yana sauka. Arch-vile ɗaya da kwarangwal huɗu suka fito. Da mod ɗin na jefa gurneti biyu, kafin hayaƙi ya washe duk sun kwanta. Na fita taswirar, amma sai na ji wani iri, kamar na ci jarrabawa da satar amsa.

Sai na cire mod ɗin, na kashe tsalle, na sake ta daga farko da ƙaramar bindiga yadda Kawu ya ce. Na mutu sau goma sha ɗaya. Abin da na gani shi ne: a gaban jar ƙofar akwai wani ginshiƙi guda siriri a tsakiyar zauren, wanda ɗazu na yi ta kewaya shi ina cewa me wannan yake yi a nan, ya tare hanya kawai. Ashe shi ne rai. Arch-vile in ya ɗaga hannu wuta ta kama ka, dole ka ɓace masa daga gani kafin ya gama, kuma duk zauren ba maɓoya sai wannan ginshiƙin. Amma in ka daɗe a bayansa rokokin kwarangwal masu bin mutum za su zagayo su same ka, shi kuma yana can yana tayar da waɗanda ka kashe. Sai ka leƙo ka yi harbi ɗaya, ka koma, ka zagaya ta ɗaya gefen. Da na kashe shi harsashi shida ne suka rage min, jinina 23. Hannuna har rawa yake.

Zainab: Harsashi shida. Ka ga lissafin da nake faɗa ke nan, wani ya zauna ya ƙirga maka su.

Kawu Sale: Madalla da ɗana. Yanzu ka buga taswira ta 14.

Bello: Sun ƙwace min kai ke nan Sagir?

Sagir: Ba su ƙwace ba Yaya Bello, mod ɗin yana nan a folda. In na gama talatin da biyun zan mayar da shi in dawo wa Arch-vile ɗin nan da gurneti, akwai bashi tsakaninmu.

Zainab: Tunda kun taru, ina da taswira da nake son a gwada min kafin in saka ta, tsarin Boom ce, kamar minti ashirin. Kawu ka buga da ƙaramar bindiga a Ultra-Violence, amma sai ka sauko daga Chocolate ɗinka, ba zai ɗauke ta ba, nemi injin DSDA-Doom. Ummi ke kuma a mai sauƙi, ki faɗa min duk inda kika ɓata. Bello, kai ka ɗora duk abin da ka ga dama ka yi ta tsalle, ina so in san ta ina za a iya shiga ta taga.

Bello: Turo. In akwai taga zan same ta.

Sagir: Kafin ku watse, a ta 15 na ga shuɗin makulli a kan wani dogon ginshiƙi a tsakiyar ruwan wuta, ba matakala ba lif. Na rantse ban yi tsalle ba.

Auwal: Buɗe taswirar sama ka duba ko akwai ɗakin da ba ka shiga ba ta gabas ko yamma. Irin wannan ginshiƙin makunni ne ke sauke shi, kuma da wuya makunnin ya kasance kusa. Ka cika bindigarka kafin ka danna.